Daga Tsinken Goggo Zuwa Allon Waya

A ƙasa na fara ganin an zana dangantaka, a tsakar gidanmu, da tsinken tsintsiya. Ina ɗan shekara tara ko goma, ana ta hidimar bikin wata yayarmu, sai na tambayi Goggo, yayar mahaifinmu, dalilin da ya sa kowa ke cewa auren na gida ne, alhali ni ban taɓa ganin angon ya tako ƙofar gidanmu ba. Ta ce, "Zo nan, ɗan nan, zauna." Ta share ƙasa da tafin hannunta, ta ɗiga ɗigo ɗaya can sama, ta ce wannan kakan babanku ne. Ta jawo layi biyu zuwa ƙasa. Ya haifi namiji, ya haifi mace. Namijin shi ya haife ni da babanku. Macen ta yi aure a ƙauyen gabas, ta haifi uwar ango. "Ka ga kenan babanku da uwar ango taubasai ne." Har na yunƙura zan tashi, sai ta riƙo hannuna, ta ja wani layi daga gefe guda ya ratsa zuwa ɗaya gefen. "Ban gama ba. Ƙanwar kakarku ita ta riƙe uwar angon tun daga yaye har ta aurar da ita. Zumuncin ta hanya biyu ya zo."

Sai bayan shekaru masu yawa na lura da wani abu game da zanen nan. Goggo ba ta ja layi ko ɗaya ba tare da ta faɗi sunansa ba. Wannan "ya haifi", wancan "ta auri", na can "ta riƙe". Da za a cire waɗannan kalmomi, abin da zai rage a ƙasa ɗigo-ɗigo ne kawai da kan iya zama na kowane gida a garin.

Ina cikin yaran da aka kwasa aka zuba a firamare a 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Azuzuwa suka cika suka batse, malamai ba su wadata ba, littattafai kuma sai mai rabo. Ba na zargin malamanmu, sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu. Amma hanyar karatun ɗaya ce tun daga firamare har sakandare: malam ya miƙa wa monita littafinsa, monita ya cika allo da alli, mu kuma mu kwafe. Da dare a haddace a gaban fitilar ƙwai, ranar jarrabawa a juye wa takarda. Ni ina cikin gwanayen wannan aiki. Ina iya karanto ma'anar yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana da Turanci tiryan-tiryan, ko waƙafi ba na tsallakewa. Amma da wani zai tsayar da ni a gindin kukar da ke bakin kasuwarmu ya tambaye ni daga ina wannan ƙaton jiki nata ya fito, da ba tare da wata-wata ba zan ce masa daga ƙasa. Ma'anar tana kaina, kukar tana gabana, babu abin da ya haɗa su.

Da na zama malamin kimiyya a farkon shekarun 1990, yadda aka koya mini haka na koyar. Littafin da nake ba monita ma rabinsa daga tsohon littafina na ɗalibta na kwafo shi.

A wani taron bita na malaman kimiyya na fara jin labarin abin da a nan zan kira taswirar fahimta. Asalinta daga Amurka ne. A 1972, wani malamin jami'ar Cornell mai suna Joseph Novak da ɗalibansa suna gudanar da wani dogon bincike na shekara 12, suna bin yara tun daga ajin farko na firamare don su ga yadda fahimtarsu ta kimiyya ke sauyawa yayin da suke girma. Sukan zauna da yaro su yi hira da shi, su naɗa, su rubuta. Takardun hirar suka taru jibgi guda, har ya zama da wuya a gane me ya sauya a kan yaro tsakanin bara da bana. Sai suka koma tsamo muhimman kalmomin da yaron ya ambata, su sa kowace a cikin akwati, su haɗa su da layi, su rubuta a kan layin irin alaƙar da yaron ya ce tana tsakaninsu. Hirar shafi da yawa sai ta dawo shafi ɗaya da ido zai iya ɗauka lokaci guda. Novak ya ɗora aikinsa ne a kan ra'ayin David Ausubel, masanin halayyar koyo, wanda a littattafansa na 1963 da 1968 ya dage cewa sabon ilimi ba ya zama a kai sai ya sami abin da zai maƙale wa cikin abin da mutum ya riga ya sani, don haka aikin malam na farko shi ne ya binciko abin da ɗalibi ya zo da shi. A 1984 Novak da abokin aikinsa Bob Gowin suka fitar da littafi a kan koyon yadda ake koyo, wanda ya fitar da dabarar daga ɗakin bincike ya kai ta aji. A nan Najeriya, Peter Okebukola na Jami'ar Jihar Legas, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ya wallafa bincike a 1990 a kan amfani da ita wajen koyar da darussan gadon halitta da na muhalli, kuma shi da abokan aikinsa sun duba yadda take rage wa ɗalibai fargabar darasin bayoloji.

Ƙa'idojin ba su da yawa. A fara da tambaya guda da ake son amsawa. A tara kalmomi kamar 15 zuwa 25 da suka shafe ta. A sa masu faɗin ma'ana a sama, ƙanana a ƙasa. A haɗa su da kibiya, kuma kowace kibiya a rubuta mata kalma, ta yadda in an karanta akwati, kibiya, akwati, za a sami jimla mai ma'ana wadda za a iya cewa gaskiya ce ko kuskure. Daga ƙarshe a nemi layukan da ke ratsawa daga wani reshe zuwa wani, domin su ne ke nuna mai zanen ya fara tunani da kansa. Mai gabatarwa yana cikin bayanin wannan na ƙarshe, ni kuwa hankalina ya koma tsakar gida, ga Goggo riƙe da hannuna tana cewa ba ta gama ba.

Mako na gaba na gwada a aji. Na rubuta kalmomi goma sha biyu a allo: shuka, ganye, saiwa, ruwa, iska, hasken rana, taki, abinci, da sauransu, duk da Turanci kamar yadda manhaja ta tanada. Yaran suka zana akwatuna masu kyau, wasu har da rula. Suka ja layuka. Amma kan layukan fayau, babu ko harafi. Na zagaya aji ina tambaya, me ya haɗa wannan da wannan? Shiru. Waɗannan fa yara ne da suka ci gwajin makon jiya da maki mai kyau. Ranar na koma gida jikina a sanyaye, domin na gane shekara da shekaru tsinkaye nake raba wa yara, ban taɓa ba su maɗauri ba, kuma kowa ya san tsintsiyar da ba ta da maɗauri ba ta shara.

Da na sake dubawa sai na ga matsalar kashi biyu ce. Wasu ba su san alaƙar ba sam. Wasu kuma sun sani, bakin faɗa ne babu. Sunayen abubuwa da Turanci suna da sauƙin haddacewa, amma kalmomin aiki, irin su "yana jawo", "yana hana", "ya dogara da", "yana rikiɗa ya zama", su ne ba su mallaka ba. Sai na yi abin da a lokacin ba kowane shugaban makaranta zai so ya gani ba. Na ce su bar akwatunan da Turanci, amma kan kibiya kowa ya rubuta da Hausa. Ajin da ya yi tsit sai ga shi ya kaure da gardama.

Abin da ya fito ya tsorata ni, ya kuma faranta mini rai. Fiye da rabin ajin sun rubuta cewa taki abincin shuka ne, shuka kuma tana cin ƙasa ta saiwarta. Kuskurena na gindin kuka ke nan, ga shi a rubuce da hannun yara arba'in, kuma babu jarrabawar da na taɓa yi musu da ta tono shi. Laifin ma ba nasu ba ne, haka muke faɗa a gona kullum. Sai da na ga kuskuren ƙuru-ƙuru sannan na sami inda zan sa hannu. Na ba su labarin Jan Baptist van Helmont, wani masani na ƙarni na 17 daga yankin da yake Beljiyam a yau, wanda ya dasa ɗan itace a tukunya bayan ya auna nauyin ƙasar, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta ragu da shi bai kai giram 60 ba. Shi kansa ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace, sai daga baya masana suka gano rabon iska a ciki. Muka goge kibiyar "abinci", muka yi ta neman kalmar da ta dace har muka tsaya a kan cewa taki yana ba shuka sinadaran da take buƙata, abincinta kuwa ita ke haɗa kayanta a ganye, daga iska da ruwa, da ƙarfin hasken rana. Kalma ɗaya muka canza a kan layi ɗaya, ta ci mana darasi biyu cur, kuma ban taɓa yin nadamar lokacin ba.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. A can baya yake zama, ɗan manoma ne daga wani ƙauye, Turancinsa ba ya da ƙarfi, kuma a gwaji kullum yana ƙasa-ƙasa. Muna darasin yadda halittu ke dogaro da juna, sai ya ɗaga hannu a karo na farko tun da na san shi. "Malam, in sa gawo?" Na ce gawo ba ya cikin kalmomin da na bayar, amma ya sa. Abin da ya kawo mini ya fi abin da ke littafin. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, saboda haka rana tana isa ga geron da ke ƙarƙashinsa. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa ya zama taki. Da rani kuma, sa'ad da ya yi kore shar, awaki da shanu suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna zubar da kashi a wurin. Kibiya ta fita daga gawo ta je ga akuya, ta bar akuya ta je ga ƙasa, ta tashi daga ƙasa ta je ga gero, daga gero ta koma ga akuya ta hanyar kara da dusa. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce, "Baba ne ya hana mu sare shi, Malam. Ya ce geron gindin gawo ya fi na ko'ina." Abu ɗaya na ƙara masa: gawo dangin wake da gyaɗa ne, a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska. Ya ja layin da kansa, daga gonar ubansa zuwa babin da ya faɗi a gwaji wata biyu da suka wuce. Abin da Ausubel yake nufi ke nan, na gan shi da idona. Manoman Damagaram da Maraɗi da Katsina sun san gawo tun kafin a rubuta sunansa a littafin kimiyya, kuma 'ya'yansu suna shigowa aji da wannan sani, mu ne ba ma tambayarsu.

Ba na so in nuna kamar tsara ilimi a zane baƙon abu ne a wurinmu. Malamin da ke raba gado yakan zana jadawali ya jera magada, kowa da alaƙarsa da mamaci, domin alaƙar ce ke yanke rabon. Masu ilimin hadisi suna bin salsala, wane ya ji daga wane. Shehu Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙarni na 16 wanda kusan duk ɗan makarantar zaure ya fara fiƙihu da littafinsa da muke kira Ahalari, shi ne kuma ya wallafa Sullam a ilimin manɗiƙi, inda ake koyon rarrabe jinsi da nau'i da abin da ya bambanta wani nau'i da wani. Wannan ilimi ya samo tushe tun daga gabatarwar da Porphyry ya rubuta wa manɗiƙin Aristotle a ƙarni na 3, wadda masana na baya suka riƙa zana ta da siffar bishiya mai rassa. Abin da Novak ya ƙaro shi ne miƙa alƙalamin ga ɗalibi, a ce shi ya zana, don a ga abin da ke kansa.

Nan ne kuma muka yi sake. Da dabarar ta karɓu, sai ta zama ado. Littattafan karatu suka fara buga taswira a ƙarshen babi. Aka riƙa zana su a kwali da launuka ana mannawa a bango saboda ranar da masu duba makarantu za su zo. Aka kuma cakuɗa ta da wata dabarar daban, ta Tony Buzan ɗan Ingila, wanda ya yaɗa tasa ta wani shirin talabijin na BBC a 1974. Tasa kalma ɗaya ce a tsakiya, rassa na fita ta ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, ga launi ga hoto, amma ba dole ba ne a rubuta irin alaƙar da ke haɗa kalmomin. Tana da amfaninta wajen tattara tunani kafin rubutu ko taro. Sai dai ta fi sauƙi, kuma mai sauƙin ce ta yi rinjaye, har yara suka ɗauka in dai an kewaye kalma an ja layi, an gama.

Ni ma da hannuna a ciki, kuma abin yana damuna har yau. Wata shekara jarrabawar ƙarshe ta matso, manhaja ba ta ƙare ba, sai na zauna na zana taswirori masu kyau na kowane babi, na kai aka buga, na raba. Yaran suka yi abin da na koya musu tun farko, suka haddace. A gwaji wata yarinya ta zano mini taswirata cif, har da inda layina ya ɗan karkace. Da na nuna kibiya ɗaya na ce ta bayyana mini, sai idonta ya ciko da ƙwalla. Ban ga laifinta ba. Ni na ɗauke mata aikin da a cikinsa ne fahimtar take.

Sai zamanin na'ura ya zo. Cibiyar binciken IHMC da ke Pensacola a jihar Florida, inda Novak ya koma aiki tare da Alberto Cañas, ta fitar da manhajar CmapTools, kowa na iya saukewa kyauta, ana jan akwati a matsar da shi ba tare da an goge komai ba. Mu dai a makarantun gwamnati labarinta muka fi ji, saboda ɗakin kwamfuta in akwai shi, wuta babu. Wayar hannu ce ta shigo mana da gaske. Daga ƙarshen 2022, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu, yaro yana iya rubuta sunan babi, kafin ya ajiye wayar an jero masa kalmomi da alaƙoƙinsu, tsaf, babu kuskure. Bara wani ɗalibi ya kawo mini irin wannan a kan zazzaɓin cizon sauro. Komai na nan: macen sauro, ruwa kwance, ƙwayar cuta, hanta, jajayen ƙwayoyin jini. Na yaba, sannan na kife takardar na ce ya gaya mini me ya kai hanta cikin maganar. Ya yi shiru, irin shirun da na ji a aji shekara talatin da suka wuce. Taswira marar kuskure ba ta gaya wa malami komai game da yaron da ya kawo ta. Wadda ta ce taki abincin shuka ne ta fi mini amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani bincike da ya girgiza ni, kuma ya kamata duk mai son wannan dabara ya san da shi. A 2011, Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na jami'ar Purdue suka wallafa sakamako a mujallar Science. Sun ba ɗalibai rubutun kimiyya su karanta. Wasu suka zana taswira da rubutun a gabansu, wasu kuma aka ɗauke rubutun aka ce su rubuto duk abin da suka tuna, su sake dubawa, su sake gwadawa. Bayan mako guda, masu tunowa da ka suka fi masu taswira, har a tambayoyin da ke buƙatar a haɗa wannan da wancan a fitar da hukunci. Da farko abin bai yi mini daɗi ba. Amma a 2014 su biyun suka sake wani gwajin, suka nuna cewa in an rufe littafi aka zana taswirar da ka, ita ma tana yin aiki sosai. Ashe inda gizo ke saƙar shi ne ko littafin a buɗe yake ko a rufe.

Wannan ya sa na janye wani raini da na daɗe ina yi. Shekaru ina ɗora wa hadda laifin duk abin da ya lalace a karatunmu. Amma almajirin da ya wanke allonsa ya zo gaban malam ya kawo tilawa da ka, abin da binciken nan ya yaba shi yake yi: yana tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo abin da aka ajiye mata. Aibin karatunmu na boko shi ne mun tsaya a haddar ma'anoni, ba mu taɓa neman yaro ya faɗi abin da ya haɗa su ba. Goggo ma ai ba da littafi ta zana mini danginmu ba. Sunayen suna kanta, alaƙar tana kanta, tsinke kawai ta nema.

Na san uzurin da abokan aikina za su kawo, kuma gaskiya ne. Aji mai yara ɗari da ɗoriya, wa zai duba taswira ɗari? Jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar yaro ya zana fahimtarsa, ta JAMB kuwa zaɓi ne cikin amsoshi huɗu a kwamfuta. Takarda ma kuɗi ce. Abin da na koma yi a 'yan shekarun nan shi ne in fitar da su gindin darbejiya, in kasa su shida-shida, kowane rukuni ya share ƙasa ya sami tsinke. Littattafai da wayoyi suna cikin aji. Ina zagayawa ina sauraron gardamarsu, kuma cikin minti ashirin nakan san abin da ajin bai gane ba fiye da yadda gwajin mako guda zai nuna mini. In an gama, iska ta share, ba abin da ya rage da za a haddace.

Saura kaɗan in ajiye alli. Roƙona ga matasan malamai da ke shigowa, musamman na kimiyya, shi ne ku gwada wannan ko sau ɗaya a zangon karatu. Ku ba yara kalmomi goma sha biyu, ku sa su rufe littafi, kada ku karɓi layin da ba a rubuta masa suna ba, kuma wanda Turanci ya gagara ku bar shi ya rubuta da harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi.